Fitilar karatu a gefen gado: wacce zan saya da ba za ta tashi maigida da jaririya ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah shawara nake nema a kan fitila. Ni dai ba ni da lokacin karatu sai bayan isha'i, idan na sallami yara na gama wanke-wanke. Daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da rabi, nan ne nawa. Matsalar ita ce maigidan asubanci yake yi zuwa kasuwa, da na kunna ƙwan ɗaki sai ya yi ta juyi yana tsaki ƙasa-ƙasa. Ga jaririya 'yar wata bakwai da muke kwana da ita cikin gidan sauro, haske kaɗan ta buɗe ido. Na koma haskawa da tocilar waya, yanzu kullum da ciwon kai nake tashi, hannu kuma ya sage. Akwai fitilu biyu na gefen gado da aka sa min a kayan ɗaki shekara shida da suka wuce, kyau kamar ka sace ka gudu, amma ko sunan littafi ba na gani da su. Wace iri zan saya? A Kano nake, wutar unguwarmu kuma sai a hankali.

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Hajiya, a madadin ƙungiyar magidanta masu fita da asuba, shawarata ki koma falo da littafinki. An gama magana.

Maman Ilham:
Malam Abu Hanif, sauron falonmu ba ya karɓar uzuri. Kuma idan 'yar ta farka ta lalubo ba ta ji ni ba, shi ɗin dai za ta tasa.

Anti Rabi Mai Kayan Ɗaki:
Ƙanwata, ni da nake sayar da irin fitilun nan zan gaya miki gaskiya: ba don karatu aka yi su ba. Ado ne, don in 'yan ganin ɗaki sun shigo su ce ma sha Allah. Hularsu kauri gare ta, wata ma ja ce ko ruwan zuma, ga duwatsu da aka jera mata, hasken duk a ciki yake mutuwa. Sannan gajeru ne, durowar gefen gadon ma gajera, katifun yanzu kuwa inci goma sha biyu. Sai ki ga fitilar tana haska ƙasan katifa, ke kina can sama a duhu. Amma kada ki yar da su, sauya musu ƙwai kawai za ki yi ki sa mai wat 20 fari tas, za ki ga bambanci.

Injiniya Sabo:
Anti Rabi, rabin maganarki na karɓa hannu bibbiyu, rabin kuma ki yi min afuwa. Gaskiya ne fitilun ado ne. Amma in ta sa LED mai wat 20 a gefen gado, ai ta dawo da rana cikin ɗakin, maigidan ma sai ya ɗauka gari ya waye.

Bari in ɗan yi bayani, don nan ne mutanenmu suke asarar kuɗi. Wat ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin wutar da ƙwai yake ci ne. Hasken da yake bayarwa da lumen ake auna shi, a jikin kwali za ki ga an rubuta lm. Tsohon ƙwan nan mai zaren ƙarfe a ciki, wanda yake ƙona hannu, mai wat 60 yana ba da kamar lumen 800. LED mai wat 8 ko 9 shi ma 800 ɗin yake bayarwa. Mai wat 40 na da kuwa kamar lumen 450 ne, LED mai wat 5 ko 6 ya biya. To don karatu a gefen gado, ƙwai mai lumen 400 zuwa 450 ya wadatar, in dai fitilar tana kusa kuma hasken a kan takarda yake sauka.

Wannan kusancin shi ne asirin duka. Idan kika ninka nisan fitila da littafi sau biyu, hasken da ke sauka a shafin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Shi ya sa ƙwan silin, duk ƙarfinsa, yake cika ɗaki da haske amma shafin littafi yana cikin inuwar kanki. 'Yar ƙaramar fitila a nisan kamu ɗaya ta fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Anti Rabi Mai Kayan Ɗaki:
To Injiniya, mu dai abin da masu kawo mana kaya suke faɗa ke nan, wai mai wat da yawa shi ne mai kyau. Allah ya ƙara sani.

Injiniya Sabo:
Amin Anti. Kuma da yawa daga abin da ake rubutawa a kwalin ma ƙarya ce. Na sha auna ƙwan da aka rubuta wa wat 30 in tarar ko 10 ba ya ci. In kika ga kwali babu lumen, babu lambar K, sai katon rubutun wat da hoton walƙiya, ajiye musu kayansu.

Ummi 'Yar Katsina:
Yaya Sabo mece ce kuma lambar K? Mu fa 'yan ajin adabi ne, a bi mu a sannu.

Injiniya Sabo:
Launin hasken ne, Ummi. Kelvin ake ce masa. Ƙaramar lamba haske ne mai ruwan ɗorawa, babbar lamba fari ne mai ɗaukar shuɗi. Harshen kyandir bai kai 2000 ba. Tsohon ƙwan da muka tashi da shi 2700 ne. Wanda ya cika kasuwanninmu yanzu, farin nan mai kashe ido kamar na ɗakin tiyata, 6500 ne. Na gefen gado ki nemi 2700 ko 3000.

Sista Binta (asibitin ido):
Na zo a kan gaɓa. Maman Ilham, sannu da ɗawainiya. Abu biyu zan ƙara.

Na farko, ki kwantar da hankalinki, karatu cikin ƙarancin haske ba ya makantar da mutum, duk da haka iyayenmu suka tsoratar da mu. Abin da yake yi shi ne gajiyar da ido: ki yi ta ƙanƙance shi, ki rage ƙiftawa, ya bushe, ya yi yaji, kai ya ɗau ciwo. Da an huta yake wucewa. Tocilar waya kuwa ta fi kowa laifi, don tana yin wani farin tabo mai ƙarfi a tsakiyar shafi, gefe kuma duhu, hannunki yana rawa, idon yana ta aikin daidaita kansa.

Na biyu, maganar launi da Injiniya ya kawo ba ta ado ba ce kawai. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da ba gani ne babban aikinsu ba, su ne suke kai wa ƙwaƙwalwa labarin rana ce ko dare. Sun fi jin haske mai shuɗi. Idan duhu ya yi, jiki yana sakin wani sinadari da ake kira melatonin, shi yake shirya mutum ga barci. Farin haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta shi. An taɓa yin gwaji a wani asibiti a Boston ta Amurka, aka fitar da sakamakon a ƙarshen 2014: mutum 12, wasu darare su yi karatu a iPad na awa huɗu kafin barci, wasu darare a littafin takarda. A dararen iPad sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su da kamar minti goma, melatonin ɗinsu ya yi ƙasa, da safe kuma sun fi jin kasala. Mutanen ba su da yawa, kuma awa huɗu ba wasa ba ce, amma dai ya nuna inda aka dosa. Ƙarfin hasken shi ma yana da nasa, ba launi kaɗai ba. Don haka ruwan ɗorawa, kuma daidai buƙata.

Sannan in ciwon kan bai daina ba bayan kin gyara fitila, ki zo a auna idon. Tambaya ɗaya, in ba damuwa: kin kai arba'in?

Maman Ilham:
Sista, talatin da huɗu nake, sai dai in wahalar yara ta ƙara min goma. Na gode ƙwarai, wallahi har na ji sanyi, na ɗauka na fara kashe idona ne.

Sista Binta (asibitin ido):
To da sauranki. Na tambaya ne don daga wajen arba'in ido yake fara kasa ganin na kusa, ki ga mutum yana miƙa takarda can nesa. Da yawa sai su ɗora wa fitila laifi, alhali tabarau suke buƙata. Kuma gaskiya ne dattijo ya fi matashi buƙatar haske, ɗan sittin yana iya neman ninki biyu ko uku na abin da ya ishi ɗan ashirin.

Baba Mai Ritaya:
Ikon Allah. 'Ya'yan zamani, fitila ma sai an yi mata lissafi da lamba. Mu da aci-bal-bal muka yi firamare, da muka shiga kwalejin horon malamai aka samu ci gaba zuwa fitilar ƙwai. Kullum da yamma aikin yaro ne ya wanke ƙwan da toka, ya datse lagwani, ya zuba kananzir. Mu huɗu muke kewaye guda ɗaya, kuma muka ci jarrabawa. Almajiran tsangaya ma da wutar kara suka haddace Alƙur'ani. Da safe dai in ka fyace hanci baƙi ƙirin yake fitowa, wannan ba zan ɓoye ba.

Abu Hanif:
Baba, kuma yanzu tabarau nawa ne a aljihu?

Baba Mai Ritaya:
Biyu ne, ɗan nema. Ɗaya na karatu ɗaya na ganin irinku daga nesa in kauce. Amma ka ji abin da Sista ta ce, shekaru ne, ba laifin fitilar ƙwai ba.

Malam Na-Zariya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tunda an ambaci fitilar ƙwai, bari in ja kunne, don na san in wuta ta daɗe ba ta zo ba har yanzu akwai masu komawa kyandir. Kada wanda ya kai harshen wuta kusa da gidan sauro ko katifar soso. Mai karatu a kwance ba ya sanin lokacin da barci yake sace shi. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da daddare a Madina, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya bayyana cewa wutar nan maƙiyiyarmu ce, in za a kwanta a kashe ta. A wani hadisin kuma an yi umarni da kashe fitilu lokacin barci saboda ɓera yana iya jan lagwani ya ƙona mutanen gida. Malamai sun yi bayanin cewa dalilin tsoron gobara ne, fitilar da aka aminta da ita ba ta shiga ciki. Duk da haka ni dai ko ta caji ce ba na barinta a jone a kan katifa in kwanta.

Injiniya Sabo:
Malam ya yi gaskiya, har ta cajin. Batir ba ya son zafi, katifa da filo kuma suna riƙe zafi. A yi caji a kan tebur ko a ƙasa, da rana.

Maman Ilham:
To Injiniya mu dawo kan tawa matsalar. Na fahimci lumen, na fahimci K. Amma ko na sa ƙwai mai kyau a fitilar gefen gado, wuta fa ba kullum ba. Lokacin duhun nan na watan Oktoban 2024, da Arewa ta yi sama da mako babu lantarki, ko waya sai an kai shagon caji. Sannan ina cikin gidan sauro, fitilar tana waje.

Hauwa Jos:
Yawwa, wannan ita ce tambayar, kuma ni na sha wannan wahalar, bari in ba ki labari. Da farko ta tebur na saya mai caji, doguwa mai lanƙwasa wuya. Na ajiye ta a durowa a wajen gidan sauro. Abin da ban yi tunani ba shi ne farin raga yana kama haske. Gaba ɗaya gidan sauron sai ya yi fayau kamar an kunna tanti, shafin kuma ɗigo-ɗigon inuwar raga. Maigida ya ce ai gara ƙwan silin. Na shigo da ita ciki na ɗora a katifa, da na motsa sai ta kife. Rannan a goshin yaro ta faɗa.

Abin da ya raba ni da rigima wata 'yar mitsitsiya ce mai baki kamar abin shanya, ana maƙala ta a bangon littafin, tana da siririn wuya da ake karkatarwa. Da USB ake cajinta. Haskenta a shafi biyun nan kawai yake tsayawa. In na juya wa maigida baya, jikina ya tare sauran, ko motsi ba ya yi. Aibinta biyu: littafi mai laushin bango tana rinjayarsa, sai na haɗa da shafuka ashirin na baya na maƙala, kuma wajen buɗa shafi sai kin saba. Akwai kuma wadda ake ratayawa a wuya, mai kai biyu. Ƙanwata ita take amfani da ita, ta ce ta fi daɗi ga Alƙur'ani, tunda ba ka so ka maƙala wa mus'hafi abu ya yage takardar, ga ta da siranta.

Ummi 'Yar Katsina:
Anti Hauwa wannan 'yar abar za ta isa kuwa? Yaya Sabo fa ya ce lumen 400.

Injiniya Sabo:
Tambaya mai kyau. 400 ɗin na fitilar da ke zaune a kan durowa ne, wadda haskenta yake watsuwa ko'ina, kaɗan ne yake isa littafin. Abin da ido ya damu da shi shi ne wanda ya sauka a shafin, shi kuma lux ake ce masa, wato lumen nawa ne a kan murabba'in mita ɗaya. Karatu yana son kamar 300 zuwa 500. Buɗaɗɗen littafi ko kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita bai kai ba. Ke nan fitila mai lumen 40 da ke maƙale a jikinsa, ko rabin haskenta ne ya sauka a kai, an kusa 300 ɗin. Kin ga ƙaramar ta yi aikin babbar, sauran ɗakin kuma yana duhu. Ga mai jaririya da miji mai asubanci, ni ma ita zan ce.

Sista Binta (asibitin ido):
Ni a nan zan ɗan saɓa muku. Shafi mai haske a cikin baƙin duhu shi ma yana gajiyar da wasu idanun, don duk ɗaga kai sai ido ya sake lale. In da hali, a bar wani ɗan haske mara ƙarfi a can ƙasa, bayan kujera ko gefen sif. Fitilun adon nan na Maman Ilham ma za su iya wannan aikin ranar da akwai wuta, a sauke guda ƙasa a sa mata ƙwai mai wat 2 ko 3.

Anti Rabi Mai Kayan Ɗaki:
Alhamdu lillahi, ashe dai kayana suna da rana.

Abu Hanif:
Sista kin dawo da mu ruwa. Mu duhu muke so ƙirin, irin wanda ko tafin hannu ba a gani.

Sista Binta (asibitin ido):
Malam Abu Hanif, ana sayar da ƙyallen rufe ido na barci. Ka saya wa kanka, ka bar matar mutane ta yi ilimi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar mun koyi darasin fitila tun watan Agustan 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga wajenku bayan juyin mulki, ba a maido ba sai Maris na 2024. A lokacin mafi yawan lantarkinmu daga wajenku yake zuwa, sai gari ya koma sola. Shawarata ga Hajiya: kowace za ki saya, ki duba ta inda ake cajinta. Wadda sai an soka ta a bango kaɗai, ranar da babu wuta ta zama kwalliya. Mai USB kuwa ko da ƙaramin faifan sola, ko fawa banki, ko a mota, za ta sha caji. Akwai kuma ƙananan fitilun sola na karatu irin na d.light da Sun King, a shanya su a rana da safe, da dare a yi karatu. Yarana da su suke bitar darasi. Sai dai galibinsu haskensu fari ne kuma yana bazuwa, sun fi dacewa da tabarma a tsakar gida fiye da gadon da wani yake barci.

Wani abu kuma, in wani zai kawo miki tsaraba daga nan ko daga Faransa, filoginmu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, naku mai ƙafa uku ne masu kusurwa. Sai da adafta.

Injiniya Sabo:
Sannu da zuwa mutumin Damagaram. Adafta ma mai sauƙi ce, tunda ƙarfin wutarmu da taku kusan ɗaya ne, 220 zuwa 230. Wadda ake jin tsoro ta Amurka ce, su 120 suke amfani da shi. Wani ya taɓa kawo min fitilar gwanjo mai kyan gaske, ya soka ta ya ji fat, hayaƙi ya tashi. A duba jikinta, in an rubuta 100–240V to ko'ina tana yi. Haka mazaunin ƙwai iri biyu ne a wajenmu, mai murɗawa wato E27, da mai 'yan kunnuwa biyu da ake dannawa a juya, B22. Fitilun ado da yawa kuma ƙaramin mai murɗawa suke ɗauka, E14. Maman Ilham, in za ki kasuwa cire tsohon ƙwan ki tafi da shi a jaka, ya fi dogon bayani.

Tunda an zo maganar caji, ga abin da yake kashe fitilun nan. Manyan masu nauyi na da, batirin dalma ne a cikinsu, irin na babur amma ƙarami. Shi in aka bar shi ya mutu murus, aka kwana biyu ba a yi caji ba, ba ya dawowa daidai. Mu kuma haka wutarmu take, shi ya sa wata uku sai ki ga fitila ta koma minti goma. Na lithium ya fi haƙuri, ya fi sauƙin nauyi. In kika samu wadda ake buɗewa a sauya batirin, irin dogon nan 18650, ta fi, don ranar da ya gaji shi kaɗai za ki saya. Amma a kula, na gaskiyarsa ba ya wuce wajen 3500mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka. Duk wanda kika ga an rubuta 9900, sunansa ƙarya. Lissafin kuma ba wuya: batir mai 2000mAh yana ɗauke da kamar wat 7 na awa guda, fitila mai cin wat 1 za ta yi awa shida da wani abu. Mai karatun awa ɗaya da rabi, caji ɗaya ya kai ta kwana huɗu.

Malam Na-Zariya:
Injiniya, akwai wata da na saya, in na rage haskenta sai in ji idona yana yaji, kaina yana sarawa, alhali ban ga tana rawa ba. Ko ni ne?

Injiniya Sabo:
Ba kai ba ne Malam. Wasu ba rage wutar suke yi ba, kashewa da kunnawa suke yi da sauri fiye da yadda ido zai kama. Masu kyau suna yi da saurin da ba ya damun kowa, na banza kuma a hankali, wasu mutanen suna jin abin a kansu. Gwajin a shago: rage ta zuwa ƙarshe, buɗe kyamarar waya ka haska ta, in da hali a bidiyo mai tafiyar hawainiya. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu, bar ta. Ko ka kaɗa biro da sauri a gabanta, in ka ga biron ya rarrabu kamar guda goma, ita ce.

Ummi 'Yar Katsina:
Ni fa duk wannan wahalar ban gane mata ba. Littattafan Hausa yanzu duk a waya muke karantawa, a WhatsApp da Wattpad. Ki mayar da fuskar wayar baƙa, ki rage haske, shi ke nan. Ba fitila, ba batir, ba rigima da kowa.

Hauwa Jos:
Ummi, sai ki buɗe shafi ɗaya saƙo ya shigo, ki leƙa, daga nan sai TikTok, sai kiran assalatu. Ni dalilin da ya sa na koma takarda ke nan.

Baba Mai Ritaya:
Faɗa mata dai. Littafi ba ya yi maka sallama da tallan atamfa a tsakiyar jimla.

Maman Ilham:
Ummi, nawa ma ba na labari ba ne duka. Akwai littattafan makaranta da nake bita, akwai kuma Suratul Mulk da nake so in riƙa dubawa a mus'hafi kafin in kwanta. Wayar ita ce ma nake gudu.

Ɗan Damagaram:
Wani amfanin mai ruwan ɗorawa da ba a faɗa ba: ƙwari. Da damina ku gwada kunna farar fitila kusa da taga ku ga taron shinge da 'yan uwansu. Mai ɗorawa ba ta tara su haka. Sauro kam ba ruwansa da launi sosai, numfashinka da warin jikinka yake bi, kada wani ya ce ya samu maganinsa.

Abu Hanif:
Ai in Hajiya ta kunna farar, ba ita kaɗai za ta yi karatun ba, har malam-buɗe-littafi zai zo ɗaukar darasi.

Shugabar Zaure:
Jama'a an gode, amma masu turo hotunan kaya da lambar waya na goge su. Dokar gidan nan ba talla sai ranar Asabar. A ci gaba da shawara.

Anti Rabi Mai Kayan Ɗaki:
Ranki ya daɗe ba ni ba ce, ni yau ɗaliba ce. Amma Injiniya, ga amaren da za a yi wa jere, in uwa ta ce tana son fitilar gefen gado da za ta yi ado kuma ta yi karatu, me zan ce mata?

Injiniya Sabo:
Ki zaunar da mutum a kan gadon ya jingina kamar zai yi karatu. Ƙasan hular fitilar ya zo daidai haɓarsa ko kafaɗarsa. In ta fi haka tsawo, ƙwan zai riƙa dukan idonsa, in ta gaza, hasken ba zai hau littafin ba. Hular ta zama fara ko ruwan madara, mai faɗin baki ta ƙasa. Makunnin ya kasance inda hannu zai kai daga kwance, ba a bayan durowa ba. Wanda yake gini kuwa ko yake gyaran waya, ya sa a kafa masa ta bango mai hannu a kowane gefen gado, kowa da makunninsa, wannan ita ce ta raba gardama tsakanin mata da miji. Kuɗin wutar ma ba abin faɗa ba ne. Ko a farashin Band A, rukunin da ya fi tsadar wuta, na naira 225 kowane yunit da aka sa a Afrilun 2024, LED mai wat 5 awa biyu kullum bai kai naira 70 a wata ba. Tsohon mai wat 60 ya haura 800, ga zafi a watan Afrilu.

Anti Rabi Mai Kayan Ɗaki:
Ta bangon nan kam sai masu gidan kansu. Mai gidan haya ya ga ka fasa masa bango, sai dai ka yi karatun a kotu.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Na shiga Sabon Gari da tsohon ƙwan a jaka kamar yadda Injiniya ya ce, ashe E14 ne. Shago huɗu na shiga kafin in samu mai 3000, kowa sai ya miƙo min fari ya ce shi ake yayi, wani har yana tambayata ko kaji nake kiwo da nake neman mai ɗorawa. Mai wat 3 na saya, na sauke fitila ɗaya ƙasa bayan sif kamar yadda Sista ta ce. 'Yar maƙalawar kuma ban samu a nan ba, sai a Farm Centre wajen masu kayan waya. Tana da launi uku, na yi mata gwajin kyamara a gaban mai shagon yana ta kallona, babu layuka. Dare huɗu ke nan ina karatu, caji ɗaya, ciwon kan ya tafi, jaririya ba ta farka ba ko sau ɗaya. Ga mus'hafi kuma a bakin filo nake maƙala ta maimakon jikin takardar, yana yi.

Saura matsala guda. Jiya na fito daga wanka na tarar maigidan ya maƙala ta a littafin lissafin shagonsa, ya ce minti biyar. Har na yi barci bai ba ni ba.

Abu Hanif:
Ƙungiya ta nesanta kanta da wannan mamba.

Hauwa Jos:
Koma Farm Centre ki sayo ta biyu, kuma a kuɗin cefane za ki cire. Ki zaɓi wani launin daban, in ba haka ba ranar da tasa ta mutu taki zai ɗauka.